Yadda ni da 'yata muka halarci bikin kallon tsuntsaye masu ƙaura a gaɓar Tafkin Erie

Na rubuta wannan ne don wanda zai je bayana, kada ya sha irin ruɗanin da na sha. Bikin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira Biggest Week in American Birding. Ana yin sa kowace shekara a farkon watan Mayu, wajen kwana goma, a arewa maso yammacin jihar Ohio ta Amurka, daf da Tafkin Erie. Wata cibiyar binciken tsuntsaye mai suna Black Swamp Bird Observatory ce ke shirya shi tun 2010. Kafin wannan tafiya ban taɓa riƙe madubin hangen nesa ba. 'Yata ce, mai shekara tara, ta dawo daga makaranta da labarin ƙananan tsuntsayen da ke tafiyar dare daga wata nahiya zuwa wata, ta kafa mini naci sai na kai ta ta gani da idonta. Na yi mata alkawari, alkawari kuwa kaya ne.

Matakin farko shi ne rajista a shafin bikin na intanet, kuma a nan na fara tuntuɓe. Ana buɗe rajistar tun cikin sanyi, watanni kafin bikin, ni kuwa sai cikin Afrilu na shiga. Na tarar da dogon jerin tafiye-tafiye da laccoci, kusan duk wata tafiya da ta ja hankalina an rubuta mata cewa ta cika. Gabana ya faɗi, na ɗauka shi ke nan mun rasa bikin bana. Kwana biyu ina ta jujjuya yadda zan faɗa wa yarinyar. Sai daga baya na gane tsarin hawa uku ne. Akwai rajista ta gaba ɗaya, wadda ake biyan kuɗinta sau ɗaya a ba mutum katin ratayawa a wuya, ya shiga wasu shirye-shiryen da shi. Akwai kuma tafiye-tafiye na musamman, inda ake ɗaukar mutane kaɗan a ƙaramar bas tare da jagora, kowace da kuɗinta daban, kuma su ne ke cika da wuri. Na ukun, wanda da na san shi tun farko da ban rasa barci ba, shi ne wuraren da tsuntsayen ke sauka. Fadamar Magee, wadda ita ce zuciyar abin duka, tana hannun hukumar kula da namun daji ta jihar Ohio, kuma shigarta kyauta ce ga kowa, da kati ko babu. Haka ma gandun Ottawa na gwamnatin tarayya da ke maƙwabtaka da ita. Na yi mana rajista ta gaba ɗaya, na biya da katin banki, na amince da sharuɗɗan da aka gindaya, cikin 'yan mintoci saƙon tabbaci ya shigo mini ta imel. Na buga shi a takarda na ajiye, na kuma sa sunanmu a jerin masu jiran gurbi na wata tafiya ɗaya. Ba a kira mu ba har bikin ya ƙare.

Masauki shi ya fi ba ni wuya, shi ne kuma ya cinye mafi yawan dalolin da na ware. Hedikwatar bikin tana Maumee Bay Lodge, wani masauki da ke cikin gandun shaƙatawa na jiha a bakin tafkin, amma ɗakunansa sun ƙare tun kafin in fara tunani. Dubun dubatar mutane ke zuwa yankin a wannan ɗan tsakanin, garuruwan kusa kamar Oak Harbor da Port Clinton kuwa ƙanana ne. Na yi ta buga waya ana ce mini babu wuri, daga ƙarshe na samu ɗaki a gefen birnin Toledo. Wannan ya sa kowace safiya sai mun yi tuƙi na fiye da rabin sa'a a kan babbar hanya mai lamba 2. Mota dole ce, domin ban ga wata bas ta haya da ke kai mutum bakin fadamar ba. Wanda zai zo ta jirgin sama, filin jirgin Detroit shi ne babba mafi kusa, sai ya ɗauki hayar mota daga can, ya tabbata lasisin tuƙinsa na hannu. Idan aka haɗa kuɗin ɗaki na kwana huɗu da na mai, kuɗin rajistar bai taka kara ya karya ba.

Mun isa ranar Laraba da la'asar, muka wuce hedikwata kai tsaye. Layin karɓar kati bai yi tsawo ba, wajen minti goma sha biyar muka yi. 'Yan sa-kai ne ke zaune a teburin, yawancinsu dattawa. Na miƙa takardar da na buga, matar ba ta ma buƙace ta ba, suna kawai ta tambaya, ta ciro katunanmu biyu da littafin jadawali mai taswirar yankin. Na gaya mata gaskiya cewa mu sababbin shiga ne, ba mu da ko madubi. Ta ce kada in sayi komai sai na gwada, ta kwatanta mini rumfar da kamfanonin madubai ke baje kolinsu. A can na koyi abin da lambobin jikin madubi ke nufi. Idan an rubuta 8x42, ta farkon tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, ta biyun kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Da ina ganin mai lamba mafi girma shi ya fi, ashe idan ƙarfin kusantowar ya yi yawa hoton rawa yake yi a hannu, kuma filin da ido ke gani ya ƙuntata, tsuntsu mai tsalle-tsalle ya ɓace wa mutum. Na sayi ɗaya mai matsakaicin kuɗi, na samar wa yarinyar ƙarami mara nauyi wanda ya dace da tazarar idanunta. Mai rumfar ya koya mana abu ɗaya da ya amfane mu har ƙarshen tafiyar: ka kafa idonka a kan tsuntsun tukuna, sannan ka ɗago madubin zuwa idon ba tare da ka kawar da kai ba. Daren nan a ɗaki muka yi ta gwadawa da agogon bango.

Washegari da asuba muka kama hanya. Daga babbar hanya ana bin wata siririyar hanya da ta ratsa fadamar, ruwa dama da hagu, har zuwa wani dogon filin ajiye motoci a bakin tafkin. A nan gadar katako ta masu kallo take, wadda ta bi ta cikin wani ɗan kurmi mai dausayi. Tsawonta bai kai mil ɗaya ba, tana da ƙofa ta yamma da ta gabas, kuma an sassaƙa lambobi a jikin makarinta domin wanda ya ga wani abu ya iya faɗa wa wasu daidai wurin. Sanyin safiyar nan ya ba ni mamaki. A Mayu ake, amma iskar da ke tasowa daga kan tafkin tana ratsa riga kamar babu ita, mu kuwa ko safar hannu ba mu zo da ita ba. Mun yi sa'a uku muna kai da kawo. Mun ga 'yan tsuntsaye kaɗan, mun ga mikiya mai farin kai a kan ƙatuwar sheƙarta, amma cincirindon da aka yi ta ba mu labari babu shi. Yarinyar ta ɗago ta dube ni hancinta ya yi ja, ta ce, "Baba, ko sun riga sun wuce ne?" Ban san amsar da zan ba ta ba, raina ya ɓaci ƙwarai, ina lissafin kuɗin da na kashe da alkawarin da na ɗauka.

Wata dattijuwa da ke jingine da makarin gadar ce ta ji mu. Ta ce, "Zo nan, 'yan mata, juya fuskarki wajen ruwa. Ina iskar ke bugun ki?" Yarinyar ta ce a fuska. Matar ta ce to, iskar arewa ke nan, kuma muddin ita ke kaɗawa baƙi ba za su iso ba. Ta zauna ta yi mana bayanin da ya warware mini komai. Yawancin ƙananan tsuntsayen nan da dare suke tafiya, lokacin da iska ta fi natsuwa, zafi ya ragu, shaho da danginsa kuma ba sa farauta. Suna fitowa ne daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karibiyan, inda suka yi zaman sanyi, suna nufin dazuzzukan arewacin Amurka da Kanada su yi sheƙa. Da yawansu sukan tsallake Tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 1,000, ba tare da sun sauka ba. Idan gari ya kusa wayewa suka iske Tafkin Erie shimfiɗe a gabansu, ga gajiya ga yunwa, da yawa ba sa yarda su tsallaka, sai su faɗo cikin bishiyoyin ƙarshe da ke gaɓar kudu. Yankin nan a da wata gawurtacciyar fadama ce da ake kira Great Black Swamp, aka janye ruwanta aka mayar da ita gonaki a ƙarni na 19, don haka kurmin da ya rage kaɗan ne, tsuntsayen kuwa dole su cunkushe a cikinsa. Amma ba sa son tashi suna fuskantar iska. Sukan jira ta juyo daga kudu ko kudu maso yamma ta tura su. Ta ce mini jadawalin bikin mutane ne suka rubuta shi, tsuntsayen iska suke bi.

Ita ce ta nuna mini BirdCast a wayarta. Shafi ne da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da abokan aikinta ke gudanarwa, yana amfani da na'urorin rada na hasashen yanayi, domin garken tsuntsaye a sama yana bayyana a jikinsu kamar yadda hadari ke bayyana. Yana nuna hasashen dare uku masu zuwa a kan taswira. Muka duba tare: daren Alhamis wayewar Juma'a shiru, daren Juma'a wayewar Asabar kuwa yankinmu ya yi haske. Ta ce mu huta, mu dawo Asabar da wuri. Ta kuma sa na sauke manhajar Merlin, wadda ke sauraron kukan tsuntsu ta faɗi sunansa, da eBird, inda masu kallo ke rubuta abin da suka gani ya shiga rumbun da masu bincike ke amfani da shi tun 2002. Duka kyauta ne. Gargaɗi ɗaya ta yi mini da babbar murya, cewa kada in kuskura in kunna kukan tsuntsu daga waya don in jawo shi kusa. Wanda ya kwana yana tafiya abinci yake nema, bai kamata a sa shi ɓarnatar da ɗan ƙarfin da ya rage masa wajen neman abokin faɗan da babu shi ba.

Ranar Juma'a muka sayi safar hannu da huluna, muka je kallon yadda ake sa wa tsuntsaye zobe. Idan mutum zai je da yaro, kada ya bari wannan ya wuce shi. Ma'aikatan kan kafa raga mai laushi, siririya har ido ba ya ganinta sosai, tsuntsu ya faɗa ciki, a ciro shi a hankali a sa a 'yar jakar yadi. Aiki ne da sai mai izinin gwamnatin tarayya ke yin sa, domin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana kama su haka kawai. Muna tsaye taku biyu daga teburin wata ma'aikaciya ta ciro wani ɗan mitsitsi, ta riƙe wuyansa tsakanin yatsu biyu, ta maƙala masa zoben alminiyom mai lamba a ƙafa, ta auna fiffikensa da 'yar rula. Sai ta hura gashin ƙirjinsa da baki, gashin ya buɗe, fatar ta bayyana, siririya har ana hango kitse rawaya a ƙarƙashinta. Ta ce wannan kitsen shi ne guzurinsa, da shi ake gane ko ya shirya ci gaba da tafiya ko sai ya ƙara kwana yana cin ƙwari. Daga nan ta zura shi da kai cikin wani ɗan bututu ta ɗora a sikeli. Giram tara da ɗoriya. Ta buɗe hannu, ya yi fir ya shige cikin ganye. 'Yata ba ta ce uffan ba sai da muka koma mota, sannan ta ce, "Baba, zuciyarsa fa ina ganin bugawarta." A wurin ne na ji labarin wani nau'in da ake kira Blackpoll, mai nauyin giram 12 ko kusa da haka, wanda a tafiyarsa ta komawa kudu yakan bi ta saman Tekun Atlantika kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, fiye da kilomita 2,000. A 2015 aka tabbatar da haka, bayan an ɗaura wa wasunsu 'yan na'urori a baya.

Da yamma muka zaga gandun Ottawa a mota, ta hanyar da ake buɗe wa masu kallo a lokacin bikin. Agwagwan ruwa ne da zalɓe da manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya. Wuri ne mai daɗi ga wanda ƙafarsa ta gaji.

Asabar ita ce ranar. Ta dace da Asabar ta biyu a watan Mayu, wato Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, don haka na san za a cika. Tun da na fito daga ɗaki na ji iskar ta canza, ɗumi-ɗumi, daga kudu. Mun isa kafin rana ta fito, duk da haka motoci sun fara jeruwa. Ko gadar ba mu hau ba muka fara gani, domin bishiyoyin bakin filin motocin ma motsi suke yi. Ƙananan tsuntsayen da aka fi zuwa dominsu ana kiransu wabla, ba su kai gwara girma ba, kuma fiye da nau'i 30 ke ratsa wannan yanki a kowace bazara. A wasu wurare sai mutum ya ɗaga kai har wuyansa ya ƙage kafin ya hango su a ƙololuwar bishiya. A nan kuwa yunwa kan sauko da su daidai fuskar mutum, suna tsintar ƙananan ƙwarin da ke tasowa daga ruwa. A kan gadar ba a tafiya, sai dai a matsa taku ɗaya a tsaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma babu hayaniya, kowa raɗa yake yi. Na lura da yadda ake kwatance: a ce bishiya mai karkata, reshen dama, wajen ƙarfe biyu, kamar bishiyar fuskar agogo ce. Sau ɗaya aka yi mini na gane.

Muna tsaye a wata kwana sai wani mutum mai ƙatuwar kyamara ya ja da baya ya ce a ba yarinya wuri. Aka buɗa mata ta shiga gaba. A kan wani reshe da bai fi kamu biyar daga fuskarta ba ga wani ɗan tsuntsu, bayansa baƙi da zane fari, maƙogwaronsa kuwa kamar garwashin da aka hura. Blackburnian ake ce masa. Madubi ma bai yi amfani ba don kusancin ya yi yawa. Ya juya kai ya dubi ƙasan ganye, ya cafke wani ƙwaro, ya goge baki a jikin reshen sau biyu, ya yi tsalle zuwa na gaba. Mutumin ya raɗa mana cewa irinsa a tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu suke zaman sanyi. Na tsaya ina kallon abin da bai fi giram goma ba, ina tuna nisan da ya keto cikin duhu, na ji idona ya kawo ruwa. Yarinyar ta kamo hannuna ta baya ba tare da ta juyo ba. Na ce, "Mamana, kin gan shi?" Ta gyaɗa kai kawai. Kafin azahar mun rubuta nau'i goma sha bakwai na wabla a littafinta, har da wani rawaya jawur mai suna Prothonotary da ke shiga da fita a kogon wani busasshen itace, domin shi a nan yake sheƙa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya labari ya bazu cewa an ga wani wabla da ake kira Kirtland a wani wuri can gefen tafkin, mutane suka fara sauri zuwa motocinsu. Dalilin rububin shi ne ƙarancinsa. A 1974 da kuma 1987 mazan da aka ƙirga 167 ne kacal a duniya. Yana zaman sanyi a Bahamas, yana sheƙa galibi a cikin matasan bishiyoyin wani nau'in fain, itace mai ganye kamar allura, a jihar Michigan, kuma sai da aka yi shekaru ana aikin gyara masa muhalli kafin a cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa a 2019. Mun bi sahu, muka sha neman wurin ajiye mota, muka tsaya minti arba'in cikin taro, bai sake fitowa ba. Da zan maimaita ranar, da na zauna a kan gadar, domin sabon shiga bai gama ƙoshi da na gabansa ba balle ya bi wanda ƙwararru ke nema.

Ga wanda ke shirin zuwa, abin da zan fi jaddadawa shi ne yawan kwanaki. Da kwana ɗaya na ware, kuma ya faɗo ranar Alhamis ɗin nan, da na koma gida ina cewa an zuzuta abin ne kawai. A ware aƙalla kwana uku ko huɗu domin a samu dare ɗaya na iskar kudu a ciki, a fara duba BirdCast tun kafin a taso. A kama ɗaki kafin komai, tun cikin sanyi, sannan a yi rajista a ranar da aka buɗe ta idan ana son tafiyar bas. Wanda kuma bai samu gurbi ba, ko aljihunsa bai kai ba, kada ya fasa zuwa, domin mafi kyawun abin da muka gani ba mu biya ko sisi a kansa ba. Katin ya amfane mu wajen laccoci da haɗuwa da masana, kuma na ji daɗin cewa kuɗin na taimaka wa aikin cibiyar. A zo da rigar sanyi da ta ruwa, da ruwan sha da ɗan guzuri, domin shaguna na da nisa daga fadamar. Wanda ya ratsa ciyawa ya duba jikinsa da yamma saboda kaska. Idan da hali a zaɓi ranakun aiki, gadar ta fi sauƙin bi. Kuma a yi tambaya. Ban ga wanda ya raina mu don ba mu san sunan tsuntsu ba, sau da yawa ma kafin in buɗe baki wani ya riga ya nuna mana da yatsa.

A laccar da muka saurara ranar Asabar da dare aka kawo binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2019, wanda ya nuna cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan uku tun 1970. Mai laccar ya ce cikin abubuwan da ke kashe su a hanya har da gilashin tagogi, wanda ke hallaka ɗaruruwan miliyoyi a kowace shekara a Amurka kaɗai, da hasken fitilun dare da ke ruɗa masu tafiya ya jawo su cikin birane. Ya roƙi kowa ya riƙa kashe fitilun waje da ba a buƙata a makonnin ƙaura, ya kuma manna ɗigo-ɗigo kusa da juna a bayan gilashin tagarsa domin tsuntsu ya gane akwai abu a wurin. Da muka koma gida yarinyar ba ta bari na sauke jaka ba sai da muka auna babbar tagar falo. Ɗigon da muka manna suna nan har yanzu, kuma na riga na kama ɗaki a Port Clinton na Mayu mai zuwa, kwana biyar.